Hawan Mambila a kan babur: ta ina za mu bi, kuma me za mu shirya?

Matafiyin Gombe ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'a. Mu uku ne muke shirin zuwa tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba a kan babur, kwana bakwai muka ware, zuwa da dawowa. Biyu daga cikinmu Boxer 150 gare su, na ukun TVS HLX 125. Ba goyo, kowa da jakarsa kawai. Niyyarmu mu tashi daga Jalingo mu hau har Gembu, amma ba tsere za mu yi ba, so muke mu ga ƙasa: gonar shayi, duwatsu, makiyaya, in da hali mu leƙa gandun dajin Gashaka, mu kuma ɗan ratse daga kwalta mu bi hanyoyin ƙauye.

Abin da ya shige mana duhu shi ne, wane wata ya fi, Nuwamba ko Janairu? A ina ya kamata mu riƙa kwana? Waɗannan ƙananan baburan za su iya hawan kuwa? Mai fa, a ina ake samu? Sai kayan gyaran da ya wajaba mu ɗauka, don ba ma son mu yi lodin da zai zame mana kaya. Duk wanda ya san hanyar ko ya san babur, don Allah ya taimaka da bayani dalla-dalla.

Baffan Serti ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya kai ku lafiya, ɗan'uwa. Bari in fara da wata, don shi ne tushen komai.

Ku zaɓi tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Damina a kan tsaunin tana da tsawo, tana farawa tun wajen Afrilu ta kai ƙarshen Oktoba, wata shekarar har ta ɗan taɓa Nuwamba. Da ruwa ya ɗauke da mako biyu ko uku, jar ƙasar hanyoyin ƙauye ta bushe ta yi tauri, rafuka sun ja baya, ciyawa kuma tana nan shar. A Janairu hanya ta fi bushewa, gaskiya ne, amma hazo ya sauka, an ƙone ciyawa a wurare da yawa, tudun da ya kamata ka hango daga nesa sai ka tarar da farin ƙura ta rufe shi. Tunda kallo kuka je yi, Janairu asara ce. Ga sanyin dare kuma ya fi tsanani a lokacin.

Hanya ɗaya ce babba: Jalingo, Sunkani, Garba Chede, Bali, Serti, Mayo Selbe, daga nan a fara hawa, sai Maisamari, Nguroje, Gembu. Jimilla kusan kilomita 400 ne, kuma Serti tana wajen kashi biyu cikin uku na tafiyar. Kada ku yi lissafi da kilomita, ku yi da awa. A kwaltar da ta farfashe, ƙaramin babur mai kaya, idan aka haɗa da tsayawa a shingaye da shan mai da sallah, kilomita 35 zuwa 40 yake ci a awa. A burji 20 zuwa 25. A hawan dutse ku ƙiyasta 15. Taswirar waya za ta nuna muku lokacin da bai kai wannan ba, kada ku yarda da ita. A Nuwamba gari na wayewa wajen ƙarfe shida, rana kuma na faɗuwa wajen shida na yamma, don haka ku tsara kowace rana yadda za ku sauka masauki kafin ƙarfe huɗu. Awa biyun da suka rage na faci ne da abin da ba a zata ba.

Ranar farko ku tashi da sassafe ku kwana a Serti. Idan kun makara, ko wani babur ya ba da matsala har la'asar ta same ku a Bali, ku kwana a Balin, kada ku ce za ku ƙarasa. Tsakanin Bali da Serti akwai dogon daji, garuruwa sun yi nisa da juna.

Rana ta biyu ta Gashaka ce. Hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti tana nan Serti, can za ku je ku biya kuɗin shiga a haɗa ku da ɗan rakiya. Ba a shiga haka kawai, kuma su ne za su ce muku ko za a bar ku ku shiga da baburanku ko a'a, ya danganta da ruwan kogin Kam da yanayin hanya. Shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, an kafa shi a 1991, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar, mita 2,419. Amma ku cire shi daga lissafi, hawansa tafiyar ƙafa ce ta kwanaki. Abin da za ku iya a yini ɗaya shi ne ƙauyen Gashaka, bakin kogi inda ake ganin dorina, da kufan ganuwar Jamusawa. Ku sa kaya masu haske masu dogon hannu, domin ƙudan tsando yana bin baƙi da shuɗi, cizonsa kuma yana ratsa riga marar kauri.

Rana ta uku ita ce ranar hawa, ku ba ta yinin gaba ɗaya ko da nisan bai kai na ranar farko ba. Ku cika tanki a Serti, ku isa Mayo Selbe da hantsi, ku bar injin ya huce minti ashirin kafin ku fara. A wannan hawan ne ake da wurin da ake kira Hawan Biyu da Sisi, wanda ake cewa sunan ya samo asali daga ladan da ake biyan masu dako a zamanin Turawa, sule biyu da sisi. Kwana ce bayan kwana, dutse a gefe ɗaya, rami a ɗayan. Babban haɗarin ba tudun ba ne, manyan motocin da ke saukowa da katako da shanu ne, domin a kwana mai tsanani dole su ci hannunku, kuma ba sa iya tsayawa nan take. Kafin kowace kwanar da ba ku ganin bayanta, ku danna hon, ku lafe a hannunku, ku saurara. Idan za ku tsaya ɗaukar hoto, ku nemi fili a miƙaƙƙen wuri, ba a bakin kwana ba.

Da kun fito sama ƙasa za ta buɗe: tuddai masu ciyawa har iya ganinka, garken shanu, layukan bishiyar turare da mutanen wurin ke kira zaiti. Ni a ganina ku yi zango biyu a sama, kwana ɗaya a Nguroje, biyu a Gembu. Nguroje ta fi Gembu tudu da sanyi, kuma daga nan ne ya fi sauƙi a je gonar shayi ta Kakara, inda ake yin Highland Tea, da kurmin Ngel Nyaki da ke kusa da ƙauyen Yelwa. Duka biyun sai an ratse daga kwalta, kuma duka biyun sai an nemi izini a wurin masu kula da su. Daga Gembu kuma akwai gangara zuwa kogin Donga, inda aka saba tsallakar da mutane da babura a kwalekwale. Idan za ku tsallaka, ku yi ciniki na zuwa da dawowa tun a baki, ku tambayi ƙarfe nawa masu fito ke tashi.

Kwanaki biyun ƙarshe na dawowa ne, Gembu zuwa Serti ko Bali, washegari Jalingo. Kada ku matse su su zama ɗaya.

Bakaniken Babur ya amsa:

Baffa ya gama da hanya, ni bari in shiga ƙarfe. Baburan za su hau, Malam, ai irinsu ne 'yan acaɓan can ke hawa da buhun masara. Abin da ke kayar da baƙo ba hawa ba ne, saukowa ce, saboda haka da birki zan fara.

Yawancin waɗannan baburan birkin cikin ƙafa gare su gaba da baya, ba na faifai ba. Irin wannan birkin idan ka ɗora ƙafa a kansa kana ta gogawa daga sama har ƙasa, zafi yana taruwa a ciki ba shi da mafita, takalmin birkin ya yi santsi, kwanon ya ɗan buɗe, sai ka taka har ƙasa ka ji babu komai. Ba ya sanarwa sosai, alamarsa kawai warin ƙonewa da kuma jin cewa kullum sai ka ƙara taka shi fiye da ɗazu. Maganin: giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko. A wuri mai tsanani giya ta biyu, wani wurin ma ta ɗaya, ka saki kulochi gaba ɗaya injin ya riƙe babur. Birki kuma ka kama gaba da baya tare, da ƙarfi na daƙiƙa biyu ko uku kafin kwana, ka sake shi ya sha iska. Dabi'ar nan ta kashe injin ko sa furi a gangara don a rage shan mai, a Mambila ita ce hanyar asibiti. Duk minti goma sha biyar ku tsaya, ku kai bayan hannu kusa da kwanon birkin baya. In yana hucin da ba za ka iya kusantarsa ba, ku jira. Kada a watsa masa ruwa, ƙarfen na iya lanƙwashewa ko ya tsage.

Ku sa sabon takalmin birki gaba da baya, amma ba ana gobe tafiya ba. A sa shi da mako biyu, a yi aƙalla kilomita 150 da shi don ya zauna. Sabo fil ba ya kamawa da kyau. Wasan fedar birkin baya ya zama santimita 2 zuwa 3 kafin ya fara kamawa. In aka ɗaure shi tam, zai riƙa gogawa ko ba ka taka ba, musamman idan kaya ya danne bayan babur.

Na biyu, ƙarfin injin. A tsayin mita 1,600 iska ta yi sauƙi, injin mai kafireta yana rasa wajen kashi 15 cikin ɗari na ƙarfinsa, kuma mai yana yi wa iska yawa. Za ku ji babur ya yi nauyi, yana ɗan shaƙewa idan an murɗa totur da sauri, fulogi ya yi baƙin toka. Wannan ba lalacewa ba ce. Mai 125 ɗin shi zai fi ji. Abin da ya fi taimakawa shi ne a sauya ƙaramin farantin haƙora na gaban sarƙa da wanda ya gaza shi da haƙori ɗaya, misali mai 14 a sa mai 13. Gudu zai ragu kaɗan a kwalta, amma ja zai ƙaru da wajen kashi 8 cikin ɗari, kuma riƙon injin a gangara ma ya fi. Idan sarƙa da farantanta sun ci, haƙoran sun yi tsini kamar ƙaya, a sauya su duka uku tare. Sabuwar sarƙa a kan tsohon faranti ba za ta kai ku ta dawo da ku ba sai ta miƙe. Sakin sarƙa ya zama santimita 2.5 zuwa 3 a tsakiya, a auna da kaya a kan babur. Kowace yamma a goge ta a ɗiga mata mai.

A hawa kada ku riƙa rabin kulochi don babur ya ja. Faifan kulochi yana ƙonewa cikin minti kaɗan a haka. In giya ta biyu ta gaza, ka koma ta ɗaya da wuri tun injin bai fara kakkarwa ba. Idan ya mutu maka a tsakiyar tudu, ka bar shi cikin giya, ka saki kulochi, ka taka birkin baya, ƙafar hagu a ƙasa. Birkin gaba shi kaɗai ba ya riƙe babur a tudu, tayar gaba sulalewa take yi da baya.

Baƙin mai: a zuba sabo kafin tashi, 20W-50 na babur, wanda aka rubuta JASO MA a jikinsa. Na mota wani yana sa kulochi santsi, a hawa kuwa nan take za ka gane. Wajen lita ɗaya injin ke ci. Ku ɗauki lita ɗaya ku uku don ciko, ku duba kowace safiya babur na tsaye daidai, domin injin mai sanyaya da iska yana ɗan shan mai idan ya daɗe a ƙaramar giya.

Fetur kuwa, tankin Boxer 150 lita 11 ne. A gari yana iya ba ku fiye da haka, amma da kaya da tudu ku yi lissafin kilomita 30 a lita, kuma kada ku sa rizab a lissafi. Ƙa'ida mai sauƙi: duk babban garin da kuka shiga, Bali, Serti, Nguroje, Gembu, ku cika ko da rabi ne ya sauka. Galan ɗaya mai lita 5 ya ishe ku ku uku, a ɗaure shi a gefen da ba salansa. A ƙauyuka man kwalba za ku samu. Ku ɗaga kwalbar a rana ku duba gindinta, ruwa yana kwanciya a ƙasa kamar ƙwallon da bai gauraya ba. Ku tace da tsumma mai tsabta. In babur ya fara tari bayan shan irin wannan man, a rufe makunnin mai, a kwance ƙaramin sukurun da ke ƙasan kafireta a zubar da abin da ke ciki, a ɗaure a sake buɗewa. Sau da yawa shi ke nan.

Kayan gyara, ku raba su tsakaninku, ba kowa ya ɗauki nasa ba: tib na gaba da na baya na kowane girman taya (ku karanta lambar a jikin taya, don TVS da Boxer ba lalle su zo ɗaya ba), kayan faci da sulushin sabo wanda ba a buɗe ba, lifar cire taya biyu, famfon hannu, ma'aunin iska, fulogi ɗaya ga kowane babur da sufanarsa, kebur na kulochi da na totur, makullin sarƙa biyu, kwan fitila, fiyus, sufana 8, 10, 12, 14, 17 da wadda ta dace da notin ƙafar baya, filaya, sukudireba, wayar ɗauri, da igiya mai ƙarfi mita biyar don ja. Kafin ku tafi kowa ya cire ƙafar baya ya mayar da hannunsa sau ɗaya a gida. Kayan faci ba su da amfani a hannun wanda bai taɓa ɓare taya ba.

Kaya kada ya wuce kilo 20 a kowane babur, mai nauyin a kan kujerar goyo kusa da bayanka, ba can ƙarshen kariya ba. Nauyi a wutsiya yana ɗaga gaban babur a hawa, kan ya riƙa rawa.

Matafiyin Gombe ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, Baffa da Malam Bakanike. Mun tsayar da Nuwamba. Tambaya biyu ta rage. Wani ya ce mana da mun hau sama mu sa a daidaita kafireta, wani kuma ya ce mu rage iskar taya sosai idan za mu shiga burji. Yaya gaskiyar abin? Sannan batun tsaro da takardu, ba wanda ya taɓo shi tukuna.

Hajiyar Gembu ta amsa:

Ƙanena, batun ƙarfe na bar wa masu shi, amma na tsaro da sanyi kada ku ɗauke shi ƙaramin abu.

Tun daga Jalingo ku fara tambaya, domin an sha kafa dokar hana hawa babur a cikin garin. Ku binciki halin da ake ciki a makon da za ku tafi. In dokar tana aiki, ku ɗora baburan a mota a sauke muku a wajen gari ta hanyar Bali, ya fi a kama muku su tun ba ku fara ba.

Labarin hanya kuma a tasha ake samunsa. Direbobin da ke jigilar Gembu kullum su suka san inda aka tare hanya jiya, da gadar da ruwa ya ci, da inda ake zaman ɗar-ɗar. Yankin Bali ya sha fama da masu garkuwa da mutane, kuma a kan tsaunin ma an yi rikici mai muni a 2017. Yanayi yana sauyawa daga wata zuwa wata, saboda haka ku tambaya a Jalingo, ku sake tambaya a Bali, ku sake a Serti. Idan direbobi suka ce a jira, a jira. A dajin da ke tsakanin garuruwa ku bi sahun motocin haya da rana tsaka, kada ku zama ku kaɗai a hanya da asuba ko da magariba.

Ku tuna yadda kuke a idon wanda bai san ku ba: maza uku baƙi, a kan Boxer, da jakunkuna, fuska a rufe. A wannan zamanin wannan siffar tana tayar da hankalin ƙauye da na jami'an tsaro. Ku sa riga mai ƙyalli a kan jaket, ku bar tazara tsakaninku, kada ku shiga gari a dunƙule da gudu. Kafin shinge ku rage gudu tun daga nesa, ku ɗaga gilashin hular kwano, ku sauke ƙyallen fuska. A wasu shingayen soja ana so a sauka a tura babur, ku kalli abin da 'yan gari ke yi ku yi irinsa. Ba a ɗaukar hoton shinge ko bariki. Kowa ya riƙe katin shaidarsa na ƙasa, lasisin tuƙi, takardun babur da rasit ɗin saye, lamba kuma a manne a jikin babur, da kwafin kowace takarda a cikin leda a wata jakar daban.

Idan za ku ratse zuwa ƙauye, ku ɗauki ɗan acaɓan garin ya yi muku jagora, a biya shi kuɗin yini. Hanyoyin saman tsaunin suna rarrabuwa a tsakiyar ciyawa ba alama, wasu suna ƙarewa a shingen waya na makiyaya, wasu kuma suna kai mutum Kamaru bai sani ba, musamman ta wajen Dorofi da Mayo Ndaga. Shiga wata ƙasa da babur ba takarda matsala ce babba. Duk ƙauyen da za ku daɗe, ku fara gaida Jauro ko mai unguwa ku faɗi abin da ya kawo ku. Ana jin Hausa, amma Fulatanci ne harshen kasuwa, "jam na" (gaisuwa) da "mi yetti" (na gode) za su buɗe muku ƙofa. Ƙofar shingen da kuka tarar a rufe ku mayar da ita a rufe, kuma kada ku ɗauki hoton mata ko garke sai da izini. In shanu sun cika hanya, a tsaya a kashe injin, ba a yi musu hon.

Sabis na waya yana ɗaukewa tsakanin garuruwa, kuma idan ya ɗauke masu POS ma sun tsaya. Ku riƙe tsabar kuɗi ƙanana, a rarrabe a aljihu daban-daban, ku sauke taswira a waya tun a Jalingo, ku sa wani a gida ya san inda za ku kwana kowane dare.

Sanyi kuma, wanda ya taso daga zafin Serti ba ya yarda sai ya ji. Riga biyu ko uku marasa kauri da jaket mai tare iska sun fi babbar riga ɗaya, da safar hannu mai kauri, don yatsun da suka sandare ba sa kama birki. Rigar ruwa ma ku ɗauka ko a Nuwamba. Da safe hazo mai raɓa yana kwanciya a kan hanya, ku jira ya ɗaga wajen ƙarfe takwas ko tara. Abu ɗaya da nake roƙonku: kada ku kwana da garwashin gawayi a ɗaki a rufe don jin ɗumi. Hayaƙinsa ba ya wari, yana kashe mutum cikin barci. Ku nemi ƙarin bargo. A Bali da Serti kuwa sauro ne, ku tafi da gidan sauro.

Bakaniken Babur ya ƙara da cewa:

Hajiya ta faɗi gaskiya. Kan tambayarka, Malam, ban goyi bayan a taɓa kafireta ba a tafiyar kwana uku a sama. Dalili: idan aka rage mata mai don ta dace da tsauni, kuka sauko Serti kuka manta ba a mayar ba, mai zai yi wa iska kaɗan a ƙasa inda ake zafi, injin ya yi zafi fiye da kima, har ya iya cin bawul ko fistin. Mai ya yi yawa, fulogi kawai zai ɓata. Mai ya yi kaɗan, injin zai ɓata. Abin da za ku yi a sama shi ne ku wanke soson iska, domin ƙurar hanyar Bali ta riga ta toshe shi, toshewar kuma tana ƙara shaƙewar. A wanke da kananzir, a matse ba a murɗa ba, a bar shi ya bushe, a shafa baƙin mai kaɗan. Ku goge fulogi, ku ɗan ƙara silo in yana mutuwa a tsaye. Da safe a ja cok a tayar, a mayar da shi da zarar injin ya tsaya da kansa. Mantawa da cok a ja yana sa babur ya yi kamar ya lalace.

Iskar taya: a kwalta wajen 25 (a ma'aunin psi) a gaba, 30 zuwa 32 a baya saboda kaya, a auna da safe taya na sanyi. A burji a rage 3 ko 4 kawai. Wanda ya ce a rage sosai yana maganar babur ɗin tsere ne mai maƙalar da ke riƙe taya. Naku mai tib ne, in iska ta yi ƙasa dutse zai matse tib a jikin rim ya yi masa huda biyu kamar saran maciji, ko taya ta zame a kan rim ta tsinke bakin tib, wanda ba ya facuwa. Ku sassauta ƙaramin notin bakin tib ɗin, in kun ga bakin ya karkata, taya ta fara zamewa ke nan, a sace iska a daidaita. Da kun dawo kwalta a mayar da iska. Wayoyin ƙafa ma a bubbuga su da sufana kowace yamma, wadda ta yi ƙarar dum maimakon ƙararrawa ta saki, a ɗaure ta kaɗan.

In ruwa ya same ku a jar ƙasa, santsinta kamar sabulu ne: giya ta biyu, totur a hankali, ba birkin gaba, ƙafafu a shirye. Laka tana cushewa tsakanin tayar gaba da madigadi har taya ta daina juyawa, sai a tsaya a zaƙule da itace. Rafi kuma mutum ɗaya ya fara shiga da ƙafa ya ga zurfi da ƙasan. Idan ya wuce gwiwa ko yana ja da ƙarfi, a koma. In ya yi, a shiga ɗaya bayan ɗaya da giya ta ɗaya, totur ba sassautawa, sauran biyun suna tsaye cikin ruwa a shirye su tare. Babur ya mutu a ruwa, kada a buga kik. A turo shi waje, a cire fulogi, a buga kik sau goma sha biyar ruwan ya fita ta ramin, a matse soson iska, a zubar da na kafireta, sannan a duba baƙin mai. In ya koma fari kamar madara, ruwa ya shiga, a juye shi a zuba litar da kuka ɗauko kafin a tayar. Bayan kowane rafi a yi tafiyar mita ɗari ana ɗan taka birki har ya bushe ya dawo kamawa, tun kafin gangara ta gaba.